Takardun Mutuwar Rabe Sambo

Ranar Asabar da hantsi, Mushe Laminu (wato Malam Laminu a yaren Nasara), sakataren gidan sarki a Guci, ya buɗe tsohon littafin ƙidaya a gaban jama'a don ya karanta shafin gidan Sambo, sai ya tarar babu shafin. Ya juya gaba, ya juya baya, ya kifa littafin ya girgiza. Ba abin da ya faɗo sai gashin zabuwar da ya sa alama da shi ranar Alhamis.

Maganar da ta tara mutane kuwa ga ta. Bazarar 1975 ce, ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga fari ba, sai ga wani saurayi, Sabo, ya tsallako iyaka daga Najeriya da matarsa da ragowar shanu tara, duk ƙashi da fata. Ya ce shi ɗan Rabe ne, Rabe ɗan Sambo, marigayin da ya haƙa rijiyar gindin gawo. Wurin shuka yake nema a gonar kakansa, da igiya ɗaya a bakin rijiyar. Jibo, ɗan Sambo da ke riƙe da gonar, ya ce ƙarya ne: wansa Rabe ya mutu yana ɗan shekara bakwai, ga kabarinsa can, yaro kuwa ba ya haihuwa daga cikin rami. Aka ce to, a duba littafin Nasara. Ga shi an duba.

Gari bai ɓata lokaci ba wajen yanke hukunci. Wa shafin zai ƙaryata? Baƙo. Wa ba a gani a masallacin Juma'a ba? Baƙo. Wakilin sarki, wanda ake kira Wakili kawai, ya ce ranar Laraba za a raka Sabo iyaka da shanunsa, in ma ba a miƙa shi ga jandarma ba. Amma da yake mutum ne mai tsoron Allah ya ɗora laifi a kan wanda bai gani da idonsa ba, sai ya aiki yaronsa Waca ya kira Manzo.

Manzo mai bin sawu ne. Shekara arba'in yana bin ɓarayin shanu, ya san tafiyar mai sauri da ta mai ɗauke da kaya, ya san saniya mai ciki daga sawunta. Baƙi kuwa, ko na ajami ko na boko, bai san ɗaya ba, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Ga shi da baƙar zuciya. Da ya iso ƙofar ɗakin takardu ya ga yadda aka tattake wurin, sai da ya yi tsaki har sau biyu.

"Mushe Laminu, kasuwa kuka ci a nan?"

"Mutane ne suka zo gani, Baba Manzo."

"Sun gani ai. Ni suka hana."

Ɗakin ɗan ƙarami ne a gefen zaure, da taga ɗaya. Makullin yana rataye a ƙusa ƙarƙashin indararo, inda ko akuyar gidan ta san da shi. Laminu ya ce shi da kansa ya sa gashin zabuwar ranar Alhamis a gaban kowa, aka ɗage karatun don Wakili ya yi tafiya. Ranar Juma'a da safe shafin yana nan. Ke nan lokacin da maza suka tafi masallaci aka shiga.

Manzo ya karɓi littafin ya kai bakin ƙofa inda ke da haske. Ya san ba zai karanta ba, don haka ya dube shi yadda yake duban ƙasa. Ba a yaga ba. Shafin ya faɗo a tsakiyar ɗinki ne, aka kwance zaren, aka zare takardar gaba ɗaya da abokiyar ninkinta, sannan aka sake ɗinke littafin tsaf da zaren kaba. Ya shinshina. Ƙamshin man shanu.

"Ka ji ko?" in ji Laminu. "Makiyayi ne."

"Rabin garin nan makiyaya ne, kai ma da man shanu aka yaye ka. Abin da nake tambaya, wane irin ɓarawo ne zai zauna ya gyara abin da ya ɓata?"

Manzo ya zaga bayan ɗakin, inda 'yan kallo ba su kai ba. A ƙarƙashin taga ga sawun takalmin taya, irin wanda ake yi a Najeriya.

*

Ya sami Sabo a nesa da rijiya, yana jiran kowa ya gama shayarwa kafin ya matso da nasa. Manzo ya dubi ƙafarsa kafin ya dubi fuskarsa.

"Me ya kai ka tagar gidan sarki ranar Juma'a?"

Sabo ya ce, "Na je, Baba. Lokacin masallaci ne kawai nake samun rijiya ba kowa, shi ya hana ni salla cikin jama'a. Da na gama, sai na ce bari in leƙa. Ban taɓa ganin abin kakana ba, ko sandarsa. Na ce ko littafin da sunansa yake ciki in gani."

"Ka gani?"

"Akwatin kawai. A rufe."

Manzo ya riga ya san haka. Sawun ya nuna mutum ya daɗe a tsaye yana sauya ƙafa, ya yi ɗage, sannan ya koma ta hanyar da ya zo. Bai nufi ƙofa ba.

Sabo ya ciro wata takarda daga jakar fata da ke wuyansa. Ta asibitin Najeriya ce, da hatimi. "Wannan ta mutuwar babana ce, bara. Rabe Sambo. Ni na wanke shi. Goggonsa ce ta riƙe shi tun yana ƙarami, ta yi kudu da shi wajen kiwo. Da zai cika ya ce mini in shanu suka ƙare in je Guci in nemi rijiyar gindin gawo. Na zo, an ce mini ya mutu tun kafin a haife ni. To ni wa na wanke?"

Tambayar nan ta zauna wa Manzo a ƙirji. Ya ji tausayin yaron, ya kuma ji haushin kansa, don tausayi ya sha ɓatar da shi a kan sawu.

Jibo kuma a gona ya same shi, yana sassabe. Mutum ne mai kauri, mai magana ɗaya.

"Baba Manzo, sahun gaba nake ranar Juma'a, ka tambayi liman. Kuma me zan yi da shafin? Ai ni yake wa shaida. Ni ba mugu ba ne. Da ya ce a taimake shi don Allah, da na yanka masa wuri. Amma ya hau kan mamaci ya ci gado? Tun ina ɗan mitsitsi Inna take aika ni duk salla in share kabarin wana. Ban san shi ba, bayan mutuwarsa aka haife ni, amma da hannun nan na yi shekara talatin ina cire masa ciyawa."

"Ita tana zuwa?"

"Inna? Ɗan fari ne fa. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta je."

Manzo ya duba idonsa, bai ga ƙarya ba. Abin da ya fi ba shi haushi ke nan: mutum biyu, maganarsu ba ta haɗuwa, kuma ba maƙaryaci a cikinsu.

*

Ranar Litinin suka shiga motar kasuwa shi da Laminu zuwa Magariya, don Laminu ya ce Nasara ba ya rubuta abu sau ɗaya, dole akwai na biyu a bariki. Manzo ya yi tafiyar a matse tsakanin buhun gyaɗa da wata mata mai kaji, yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro mota.

A wani ɗaki mai warin jemage, wani tsoho mai kula da tsofaffin takardu ya ciro musu ƙunshin shekarar 1939. Laminu ya lashi yatsa ya yi ta juyawa har ya tsaya.

"Ga ta. Rabe, ɗan Sambo, shekara bakwai, zazzaɓi. Uba ya dangwala yatsa, uwa ta dangwala. Shi ke nan, Baba, magana ta ƙare. Wanda ya saci shafin wahalar banza ya yi."

"Karanta mini na kusa da ita."

"Ba na gidan Sambo ba ne."

"Na ce ka karanta. Ni ba na duban sawu ɗaya, sai na ga na gabansa da na bayansa."

Laminu ya karanta yana gunaguni. Yaro, shekara takwas, zazzaɓi. Yaro, shekara bakwai. Yaro. Yaro. Takardu bakwai cikin wata guda, daga Guci da rugagen kewaye.

"Ba mace ko ɗaya?"

"Babu."

"Ba jinjiri, ba tsoho?"

"Babu."

Tsohon nan mai kula da takardu ya yi 'yar dariya ba tare da ya ɗago kai ba. "Watan da aka zo ɗibar yara a kai su lakwal, makarantar Nasara, ke nan. Kowace shekara in garduna, dogaran Nasara, suka fita da sunaye, sai annoba ta sauka a kan yara maza. In sun koma, ta ɗauke."

Manzo ya zauna a kan wani akwati. Ai ya sani. Shi da hannunsa ya taɓa tura ƙanensa cikin rumbu ya rufe shi da damin gero, gardi yana tsaye a ƙofar gida. Mutanen da sun ɗauka duk yaron da ya shiga makarantar Nasara ya bar salla, ya bar iyayensa. Wasu sun ɓoye a rumbu, wasu sun ba da ɗan bara a madadin nasu. Ashe wasu har kashewa suka yi a takarda. Sai dai sani daban, shaida daban. Wakili ba zai karɓi dariyar tsoho a matsayin hujja ba, ga takarda da hatimi da yatsu biyu.

*

Da la'asar ranar Talata ya koma gidan Jibo, wai ya zo sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura. Ya ɗaga ƙwaryar zai kai baki, sai yatsansa ya ji tudu. Tsohuwar ƙwarya ce da ta taɓa tsagewa, an ɗinke ta da zaren kaba, ɗinki ƙanana a jere, a ƙarshe an ƙulla sau biyu an mayar da bakin zaren ciki. Ya riga ya ga ƙullin nan ranar Asabar.

"Wane gyartai ne ya yi muku wannan aiki?"

"Gyartai?" Jibo ya yi dariya. "Inna ba ta ba kowa ƙwaryarta. Ita take ɗinke abinta."

Manzo ya shanye furar, amma bai ji daɗinta ba. A shekara arba'in bai taɓa kama sawu ya yi baƙin ciki ba sai ran nan.

Da ya fito bai bi hanyar gari ba. Ya zaga bayan danga, inda ɗakin tsohuwar yake. Sawun ya kwana huɗu, iska ta ci gefensa, amma yana nan: ƙafa ƙarama ba takalmi, ta hagu tana ɗan ja, da ɗigon karan dawa a gefen dama. Ya bi shi ta cikin gona, ya wuce gawo, har tsohuwar maƙabarta. A gefen wani ɗan ƙaramin kabari da aka share tas, an tona ƙasa da hannu an mayar. Bai taɓa wurin ba.

"Tun da aka ce an kira ka na san za ka zo nan."

Goggo Hinda ce, uwar Jibo, tsaye da karanta. Siririyar tsohuwa ce, duk gari Goggo ake ce mata. Manzo ya durƙusa ya gaishe ta kamar a ƙofar ɗakinta suka haɗu.

"Goggo, me ya sa ba ki yaga ba? Da kin yaga, da ban same ki ba."

"A yaga rubutu? In da sunan Allah a ciki fa? Kuma littafin mutane ne, ba zan bar shi a warwatse ba." Ta zauna a ƙasa da ƙyar. "Na ji ana cewa takarda ce za ta kori yaron nan. Na ce in babu takardar, sai a saurari bakinsa."

"Akwai wata a Magariya. Da yatsanki a kai."

Manzo ya nuna kabarin da hannu.

"Mene ne a cikin ramin nan, Goggo?"

"Taɓarya. Tawa ce ma. Malam, maigidana, ya naɗe ta a likkafani, aka yi mata salla. Shi kuma wancan yaron, tun asuba ƙanwar Malam ta goya shi ta tsallaka. Aka ce shekara biyu, in ƙura ta lafa, a dawo da shi. Suka yi kudu da shanu, shiru, shiru. Malam ya je nema sau uku." Ta share baki da gefen zane. "Na dafa Alƙur'ani gaban kumandan, Nasaran bariki, na ce ya mutu. Na zauna makoki kwana bakwai, mata suna ta ba ni haƙuri. Ka ce in tashi yanzu in ce wa gari na yi rantsuwar ƙarya? In ce wa Jibo shekara talatin taɓarya yake wa addu'a?"

"Ni ba zan ce ki yi komai ba. An kira ni in nemo ɓarawo. Gobe zan ce ba baƙon ba ne, kuma ba zan faɗi sunanki ba, ko Wakili zai ɗaure ni. Amma ki sani, wanke shi daga sata ba zai ba shi gona ba. Takardar Magariya ta ce ubansa bai girma ba. Gobe da azahar yana kan hanyar iyaka, kuma shanun nan ba za su kai ba."

Ya tashi ya bar ta a zaune. Bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya zai roƙe ta, kuma ba shi da wannan hurumin.

*

Ranar Laraba zaure ya cika har waje. Wakili a kan buzu, Laminu da littafin a cinya, Jibo a dama, Sabo a hagu shi kaɗai. Mata suna bayan zana.

Manzo ya yi bayani a taƙaice. Sabo ya tsaya a taga, bai shiga ba. Jibo yana masallaci. Laminu da zai ɓatar da shafi da ba zai tara gari ya buɗe a gabansu ba.

"To wane ne?" in ji Wakili.

"Ranka ya daɗe, na san shi, kuma ba don mugunta ya yi ba. Sunansa yana cikina, a nan zai zauna."

Aka yi ta guna-guni. Wakili ya ɗaga hannu. "Manzo, taurin kanka ba baƙo ba ne a wurina, za mu yi wannan daga baya. Yaro ya fita daga zargin sata, na yarda. Amma Mushe Laminu ya ga takardar mutuwa a Magariya, da shaidar uwa da uba. Rabe ɗan Sambo ya rasu yana yaro. Sabo, ba mu ce kai ɓarawo ba ne, sai dai ba ka da gado a nan. Ka shayar da shanunka, ka kama hanya."

Sabo bai yi musu ba. Ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ya dafa ƙasa zai tashi. Manzo ya kafa ido a kan tabarma. Yana jin motsin mata a bayan zana, yana jin kukan wata akuya, ba ya jin abin da yake jira.

Sai ga ƙarar kara a kan daɓe. Goggo Hinda ta shigo, ta durƙusa a bakin zaure, ta kwance bakin zanenta ta ajiye takardar a gaban Wakili. Duk ƙasa ce a jikin takardar.

"Ni na ɗauka."

"Inna," in ji Jibo, "me kike yi haka?"

Ba ta dube shi ba. "Ranka ya daɗe, a aika a tona kabarin. Taɓarya za a tarar, in gara ta bar ta. Mun ɓoye shi ne don lakwal. Na rantse a kan ƙarya, Allah ya sani, yanzu ku ma kun sani. In kaso ne, ga ni." Ta numfasa. "Rabe ɗana ne. Ni na haife shi. Wannan kuma tafiyar ubansa ce da shi, tun ranar da ya shigo gari na gane."

Wani tsoho a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, wani ma haka, don ba gidan Sambo kaɗai aka yi jana'iza a watan nan ba. Jibo ya dubi tafin hannunsa, ya dubi Sabo, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya matsa gefe a kan tabarmarsa, ya bar wurin zaman mutum ɗaya.

Wakili ya ce a hankali, "Nasaran da kika yi wa rantsuwa ya tafi, Goggo. Sauran tsakaninki da Ubangijinki ne. Ba wanda zai tona komai."

Ita dai ba ta ji shi ba. Ta juya wajen Sabo, karo na farko ta dube shi ido da ido.

"Me aka ce masa a kaina?"

Sabo ya ce, "Ya yi ta gudu yana neman hanyar gida, shi ne goggonsa ta ce masa kin rasu. Bai san akwai ki ba. Duk Juma'a sai ya yi miki sadakar nono, har shanu suka daina ba da nono. Ran nan ma ya ce in tuna masa in ruwa ya sauka."

Goggo Hinda ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafinta ta rufe kai, ta gyara zama ta fuskanci gabas.

"Jibo, je ka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ka sa a jiƙa gero. Na karɓi gaisuwar mutuwarsa yana da rai. Yanzu zan zauna."

Jama'a suka rasa abin yi, kowa yana duban na kusa da shi. Manzo ne ya fara tashi. Ya cire takalmansa, ya je ya durƙusa a gabanta.

"Goggo, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki," in ji ta, muryarta ta karye a tsakiya.

"Allah ya jiƙan Rabe."

Ya matsa gefe, mutanen Guci suka fara jeruwa a bayansa.